Ina gane hujjar lissafi idan na karanta, amma na kasa rubuta tawa

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen lissafi, ina aji biyu a jami'a. Tun daga sakandare lissafi ne darasin da na fi ƙarfi a ciki, aji ɗaya ma ban sha wahala ba. Amma da muka shiga analisis da liniya aljabara da ilimin lambobi sai komai ya juye min. Idan malami yana rubuta hujja a allo ina bin sa, idan na karanta a littafi ina ganewa, amma da an ce in rubuta tawa sai kaina ya ɗaure, ban san ta inda zan fara ba. Yanzu haddace hujjojin nake yi, kuma da an ɗan canza tambaya sai in faɗi. Malam, ko dai ƙwaƙwalwata ce ba ta kai ba? Me zan yi?”

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗana. Wannan ƙorafin na sha jin sa a ofis, kuma yawanci daga bakin ɗaliban da suka shigo jami'a da sakamako mai kyau. Idan na fahimce ka, abin da kake tambaya shi ne: ta yaya mutum zai bi hujja layi bayan layi, ya yarda da kowane layi, amma a miƙa masa farar takarda ya kasa fito da layin farko? Ƙwaƙwalwarka lafiyarta ƙalau. Bin hujjar da wani ya gama da gina taka ayyuka ne biyu daban, kuma na farkon kaɗai ake nuna maka a lakca. Na biyun yana faruwa ne a takardar gwaji, wadda malami yake barowa a gida kafin ya shigo aji.

Daga firamare har aji ɗaya na jami'a, hanya ake ba ka, ka bi ta, lamba ta fito, a duba ko ta yi daidai. A aji biyu sai tambayar ta koma “me ya sa hanyar take aiki, kuma a ina take daina aiki?” Kada ka ɗauka wannan sauyin ƙarami ne, domin su kansu masanan sun daɗe kafin su ƙetare shi. Newton a Ingila da Leibniz a Jamus sun samar da kalkulas a ƙarni na 17, aka shafe sama da shekara ɗari ana aiki da shi, har ana lissafa tafiyar taurari, ba tare da an tsayar da ma'anar limit, wato iyakar da abu yake dosa, a tsanake ba. Sai a 1817 Bolzano ya fara gyara tushen, Cauchy ya biyo baya a Faransa a 1821. Shi ma Cauchy ɗin, a aikinsa na wannan shekarar, ya ce idan ka tara jerin fankishin (dokar da take karɓar lamba ta fitar da wata, kamar x²) marasa yankewa, wato waɗanda zanensu ba ya tsinkewa, jerin kuma ya tsaya a wata iyaka, jimlar ma ba za ta yanke ba. A 1826 Abel, matashi ɗan ƙasar Nowe, ya nuna cewa akwai misalan da suka saɓa wa wannan magana. A 1872 Weierstrass ya gabatar a Balin da fankishin da ba ya yankewa a ko'ina amma ba shi da deribatif, wato ma'aunin gangaren zanensa, ko a wuri ɗaya, abin da mutane da yawa suke ganin ba zai yiwu ba. Abin da ya ɗauki waɗannan mutanen shekaru masu yawa shi ake so ka haɗiye a zangon karatu ɗaya, don haka ba abin mamaki ba ne ya tsaya maka a wuya.

Akwai kuma dalilin da ya sa ba ma yarda da misalai komai yawansu. Ɗauki n² + n + 41. Sa n ta zama 0, ka samu 41. Sa 1, ka samu 43. Sa 2, ka samu 47. Duk lambobin firam ne, wato waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. Ci gaba har 39, babu wadda za ta ba ka kunya. Da ka sa 40 sai ka samu 1681, wato 41 sau 41. Misali arba'in a jere sun goyi bayan maganar, na arba'in da ɗaya ya rushe ta.

Abin da littafi ba ya nunawa

Bari mu zauna a kan misali ɗaya na analisis, mu yi shi yadda ake yi da gaske. An ce ka nuna cewa x² tana dosar 9 yayin da x take dosar 3. Littafi zai rubuta, da haruffan ε da δ a madadin ƙananan lambobi: “A ɗauki ε mai fin sifili. A zaɓi δ ta zama ƙaramar cikin 1 da ε/7.” Daga nan layi uku, an gama. Kai kuma ka zauna kana tambayar kanka daga ina 7 ta fito, wa ya gaya masa ya sa 1. Da ka rasa amsa sai ka haddace 7 ɗin. Ranar jarrabawa aka mayar da 3 ta zama 5, 7 ta daina aiki.

Marubucin littafin bai fara da δ ba. Da ita ya ƙare, sannan ya juya takardar ya rubuta daga ƙasa zuwa sama. Ga yadda ya yi. Da farko ya rubuta ma'anar limit cikakkiya: ga kowace ε da ta fi sifili, akwai δ da ta fi sifili, ta yadda duk x ɗin da tazararta da 3 ta gaza δ, ban da 3 ɗin kanta, to tazarar x² da 9 ta gaza ε. Ka lura da yadda jimlar ta raba aiki. Ita ε ba kai kake zaɓenta ba, abokin gardamarka ne yake miƙo maka ita, kuma yana iya ƙanƙanta ta yadda ya ga dama. Taka ita ce δ, kuma kana da damar ganin ε kafin ka zaɓa. Bayan ka zaɓa, shi zai sake ɗauko x ɗin da ya so a cikin tazarar da ka bayar, dole maganarka ta tsaya.

To, a takardar gwaji ka fara da abin da ake so ya ƙanƙance, wato |x² − 9|, tazarar x² da 9. Abin da yake hannunka shi ne |x − 3|, don ita δ take riƙewa. Aikin duka shi ne ka nemo |x − 3| a cikin |x² − 9|. Aljabarar sakandare ta ba ka: |x² − 9| daidai take da |x − 3| sau |x + 3|. Kashi na farko yana hannunka. Na biyun ne matsala, domin yana canzawa tare da x, kuma δ ba ta da izinin dogara da x, tunda sai bayan ka zaɓe ta ake kawo x. Sai ka tambayi kanka: wane girma |x + 3| za ta iya kaiwa? Idan an bar x ta yi yawo, ba iyaka. Amma ai kusa da 3 muke magana, kuma kai ne mai zaɓen δ. Sai ka yi wa kanka alkawari cewa δ ba za ta wuce 1 ba. Da wannan alkawarin x tana tsakanin 2 da 4, don haka x + 3 tana tsakanin 5 da 7. Ga 7 ɗinka nan ta fito. Yanzu |x² − 9| ba ta kai 7 sau |x − 3| ba, kuma don wannan ya gaza ε, ya isa |x − 3| ta gaza ε/7. Sharaɗi biyu ke nan a kan δ, kada ta wuce 1, kada ta wuce ε/7, sai ka ɗauki ƙaramar cikinsu.

Ita 1 ɗin ba dole ba ce. Da 2 ka zaɓa, x za ta kasance tsakanin 1 da 5, ka samu ε/8, kuma hujjarka ta inganta daidai da ta littafi. Ina so wannan ya zauna maka sosai, domin ɗalibai da yawa suna zaton akwai δ guda ɗaya da malami ya ɓoye a aljihu. Duk δ ɗin da ta yi aiki karɓaɓɓiya ce.

Kafin ka rubuta a tsaftace, gwada da lamba. A ce ε ita ce 0.07, δ ta zama 0.01. Ɗauki x ta zama 3.009. Ninka ta da kanta ka samu 9.054081, tazararta da 9 kusan 0.054, ta gaza 0.07. Wannan gwajin bai zama hujja ba, amma yana kama kuskuren aljabara, kuma yana sa alamomin su koma lambobin da ka saba da su. Bayan haka sai ka juya: ka fara da “a ba mu ε”, ka faɗi δ ɗinka, ka ɗauki x, ka nuna cewa tunda δ ba ta wuce 1 ba |x + 3| ta gaza 7, tunda kuma ba ta wuce ε/7 ba sakamakon ya gaza ε. Abin da za ka miƙa zai yi kama da na littafi, amma yanzu ka san asalin kowace lamba a cikinsa.

Wanda ya zo kafin wani

A takardun jarrabawar da nake dubawa, kuskuren da ya fi cin maki a analisis shi ne sauya wurin “ga kowane” da “akwai”. Ka duba jimloli biyun nan: kowane ɗaki a hostal yana da makullin da yake buɗe shi, akwai makulli ɗaya da yake buɗe kowane ɗaki a hostal. Kalmomin kusan ɗaya ne, amma ta farko abin yau da kullum ne, ta biyu kuwa babbar magana ce. Bambancin rashin yankewa na yau da kullum da rashin yankewa na bai-ɗaya ke nan kacokan. A na farko kowane wuri yana da δ ɗinsa. A na biyu δ ɗaya ake so ta yi wa ko'ina aiki. Mu koma ga x². Kusa da 3, matsawar 0.01 ta motsa x² da abin da bai kai 0.07 ba. Je ka kusa da 1000: 1000.01 sau kanta ta ba da 1000020.0001, wato matsawar nan ta 0.01 ta motsa x² da sama da 20. Duk ƙanƙantar δ ɗin da ka kawo, zan yi nisa a kan layin lambobi in sami wurin da ta gaza. Shi ya sa x² ba ta yankewa a ko'ina, amma ba ta da rashin yankewa na bai-ɗaya a kan dukan layin. Idan aka killace ta a rufaffen tsakani, misali daga 0 zuwa 10 har da bakunan biyu, sai δ ɗaya ta wadatar. Irin wannan bambancin na wanda ya riga wani, a wajen jerin fankishin, shi ne abin da ya rage a maganar Cauchy ta 1821.

Ka saba wa kanka da juya ma'ana zuwa kishiyarta, a rubuce. Idan an ce ka nuna jerin lambobi bai tsaya a wata iyaka L ba, “ga kowace ε” ta koma “akwai wata ε”, “akwai N” ta koma “ga kowace N” (N lambar matsayi ce a cikin jerin). Yanzu kai ne mai miƙa ε. Yi wannan da jerin −1, 1, −1, 1, ka ga wace ε za ka zaɓa.

Liniya aljabara

A nan abin ya fi sauƙi, kuma a nan nake so ka fara samun ƙarfin gwiwa, domin yawancin hujjojin aji biyu a wannan fanni buɗe ma'ana ne kawai. Ɗauki wannan: T liniya ce, wato T(av + bw) = aTv + bTw, v da w bektoci ne (abubuwan da ake haɗawa ko a ninka su da lamba) da ba sifili ba, Tv = λv, Tw = μw, kuma lambobin λ da μ sun bambanta. Nuna cewa v da w ba su dogara da juna ba.

Ɗalibin da bai riƙe ma'anar “rashin dogara da juna” ba zai zauna yana kallon tambayar. Wanda ya riƙe ta ya riga ya samu layinsa na farko da na ƙarshe kyauta, domin ma'anar ta ce: idan av + bw = 0, to dole a da b su zama sifili. Don haka layin farko shi ne “a ce av + bw = 0”, na ƙarshe kuma “saboda haka a = 0 kuma b = 0”. Saura tsakiya. Duba abin da aka ba ka wanda ba ka taɓa ba tukuna: T. Abu ɗaya ake yi da T, a ɗora ta a kan bekta. Ɗora ta a kan lissafin da yake gabanka, ka samu aλv + bμw = 0. Yanzu kana da lissafi biyu, kuma tun sakandare ka san abin da ake yi da lissafi biyu: a kawar da abu ɗaya. Ninka na farko da μ, ka ɗebe shi daga na biyu, w ta ɓace, ya rage a(λ − μ)v = 0. Tunda λ da μ sun bambanta, λ − μ ba sifili ba ce. Tunda v ba sifili ba ce, dole a ta zama sifili. Mayar da wannan cikin lissafin farko, bw = 0, w kuma ba sifili ba ce, b ma ta zama sifili.

Da ka gama, koma kan tambayar ka bi sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ka sa yatsa a layin da aka yi amfani da kowanne. Kasancewar T liniya ta yi aiki lokacin da ka raba ta a kan av da bw. Bambancin λ da μ ya yi aiki a wajen λ − μ. Idan ka gama hujja akwai sharaɗin da ba ka taɓa ba, ka yi zargin kanka, domin da wuya a sa sharaɗi don ado. Haka kuma idan ka maƙale a tsakiya, sharaɗin da bai yi aiki ba tukuna shi ne yawanci mafita.

Abin da zan ja kunnenka a kai a wannan fanni shi ne ɗabi'un da ka taso da su daga lambobi. A lambobi, idan ab = 0 to ɗayansu sifili ce. A matiriks, wato lambobin da aka jera layi-layi a cikin baka, ba haka ba ne. Ɗauki matiriks mai layi biyu, na sama 0 da 1, na ƙasa 0 da 0. Ninka shi da kansa, sifili za ka samu, alhali shi ba sifili ba ne. Haka AB ba dole ta zama BA ba. Duk lokacin da hannunka ya soke wani abu daga ɓangarori biyu na lissafi, tsaya ka tambayi kanka wace doka ce ta ba ka izini.

Ilimin lambobi

Wannan fannin halinsa daban, kuma shawarata a kansa ita ce ka yi wasa da lambobi na gaske kafin ka taɓa harafi. Ɗauki ƙaramin tiyorem (maganar lissafi da aka tabbatar da hujja) na Fermat, wanda ya faɗa a 1640, Euler ya kawo hujjarsa a 1736: idan p firam ce kuma ba ta raba wata lamba da za mu kira a, to aᵖ⁻¹, wato lambar a ninke da kanta sau p − 1, idan aka raba da p, saura 1. Kafin ka karanta hujja, ɗauki p = 7, a = 3. Rubuta 3, 6, 9, 12, 15, 18. Raba kowace da 7 ka rubuta ragowar: 3, 6, 2, 5, 1, 4. Dube su da kyau. Lambobin 1 zuwa 6 ne suka dawo gaba ɗaya, wuri kawai suka canza. Zuciyar hujjar ke nan, kuma da idonka ka gan ta. Idan ka ninka na farkon duka za ka samu 3⁶ sau 1·2·3·4·5·6, idan ka ninka ragowar za ka samu 1·2·3·4·5·6 kawai, kuma ragowarsu a kan 7 ɗaya ce. Soke abin da ya maimaitu, 3⁶ ta bar saura 1. Tabbatar: 729 ita ce 7 sau 104 da ɗaya.

Yanzu tambayoyin da suka rage su ne hujjar: me ya hana ragowa biyu su zo iri ɗaya, kuma wa ya ba mu izinin sokewa? Amsar duka biyun ɗaya ce, cewa idan firam ta raba ab to ta raba a ko ta raba b. Ga lambar da ba firam ba wannan ba ya tsayawa: 6 ta raba 36, wato 4 sau 9, amma ba ta raba 4, ba ta raba 9. Kuma kada ka juya tiyorem ɗin ka ce duk lambar da ta ci wannan gwajin firam ce. 341 ita ce 11 sau 31, amma 2³⁴⁰ ta bar saura 1 idan aka raba da 341.

Hujjar Yuklid ta cewa lambobin firam ba su da ƙarshe, wadda ta zo mana daga Iskandariyya tun kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce wadda na fi ganin hadda ta lalata. Ɗalibi zai rubuta: jera firam ɗin da kake da su, ninka su duka, ƙara 1, sabuwar lambar firam ce. To gwada: 2·3·5·7·11·13 + 1 ta ba da 30031, ita kuwa 59 sau 509 ce. Abin da hujjar take cewa shi ne, sabuwar lambar tana da wata firam da take raba ta, kuma wannan firam ɗin ba ta cikin jerinka, domin duk wadda take cikin jerin tana barin saura 1. A misalinmu 59 da 509 ne baƙin. Wanda ya gwada da lambobi sau ɗaya ba zai sake rubuta kuskuren ba.

Maganar hadda, da yadda za ka tsara karatunka

Ba zan ce ka daina hadda ba. Mu da muka tashi da allo mun san darajarta, kuma a lissafi ma tana da gurbi. Ma'anoni ka haddace su kalma da kalma, har a tashe ka daga barci ka kawo ma'anar limit ba tare da ka sauya wurin “ga kowace” da “akwai” ba. Nassin tiyorem ma haka, da dukan sharuɗɗansa. Kowace ma'ana kuma ka haɗa ta da misali ɗaya da ya cika ta da ɗaya da bai cika ta ba. A hujja kuwa, abin riƙewa jimla ɗaya ce ko biyu, dabarar da take ɗauke da sauran: “killace x kusa da 3 don a sami iyakar x + 3”, “ɗora T sannan ka kawar da w”, “ragowar suna dawowa a hargitse”. Sauran layukan ka bar hannunka ya sake gina su kowane lokaci.

Yadda nake sa ɗalibaina su karanta littafi shi ne da takarda a kan hujjar. Karanta nassin tiyorem, rufe abin da yake ƙasa, rubuta abin da aka bayar da abin da ake nema, buɗe ma'anar kowace kalma, ka yi ƙoƙari da gaske. Idan ka maƙale har ka san takamaiman inda ka maƙale, ja takardar ƙasa layi ɗaya kawai, ka sake rufewa ka ci gaba. Washegari ka ɗauki farar takarda ka rubuta hujjar daga farko. Wannan hanyar tana da nawa, shafi biyu suna iya cinye maka yamma guda, kuma za ka ga abokanka sun wuce ka da babi. Amma shafi biyun nan naka ne, kuma iya ruwa fid da kai.

Ka nemi abokai biyu ku riƙa samun ajin da ba kowa, ɗaya ya hau allo ya yi bayanin hujja da Hausa, sauran kuma aikinsu su riƙa tsayar da shi da “daga ina wannan ya fito?” Duk layin da ka kasa karewa da bakinka, ba ka gane shi ba, ko da ka iya rubuta shi. Tambayoyin shekarun baya suna da amfani idan ka amsa su da kanka kafin ka ga amsar wani. Amsoshin da suke yawo a waya daga hannu zuwa hannu kuwa, ka karanta su da idon mai maki, domin da yawansu suna ɗaukar abin da ake nema su mayar da shi abin da aka bayar, su yi ta juya shi har su iso 0 = 0, su ce an gama.

A ɗakin jarrabawa, ko hanya ba ta buɗe maka ba, rubuta abin da aka bayar, abin da ake nema, da cikakkiyar ma'anar kalmomin tambayar. Ni dai ina ba da maki a kan wannan, kuma sau da yawa kana cikin rubuta ma'anar ne layin gaba yake bayyana. Ka kuma rubuta da jimloli, da “tunda” da “saboda haka”. Alamomi zube a shafi ba tare da abin da ya ɗaure su ba suna sa mai maki ya yi ta hasashen abin da kake nufi.

Inda wannan shawara ta tsaya

Buɗe ma'ana da aiki daga ƙarshe zuwa farko za su kai ka ga mafi yawan hujjojin aji biyu da uku, amma ba duka ba. Akwai waɗanda suke buƙatar dabarar da ma'ana ba za ta haifar maka ba. Ƙara 1 ɗin nan na Yuklid yana cikinsu, haka hujjar da Cantor ya kawo a 1891 wadda ake nuna cewa lambobin layi ba sa jeruwa ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan ba a sa ran ka ƙirƙiro su a cikin awa biyu na jarrabawa. Koyonsu ake yi, a adana, a jira ranar da wata tambaya za ta yi kama da su. A ilimin lambobi irin wannan ya fi yawa, kuma ni aikina ya fi karkata ga analisis, don haka malaminka na wannan kwas ɗin zai fi ni nuna maka dabarun da suka fi yawan dawowa. Maƙalewa kuma ba ta ƙarewa da girma: Andrew Wiles ya sanar da hujjar babban tiyorem na Fermat a 1993, aka gano giɓi a cikinta, sai a watan Satumba na 1994 ya toshe shi tare da Richard Taylor, bayan tambayar ta shafe sama da shekara 350 tana jira.

Wannan hanyar kuma ba za ta cece ka a tes ɗin mako mai zuwa ba, sai an ɗau makonni kafin ka ji bambanci. Akwai ma ɗaliban da matsalarsu ba ta hujja ba ce, aljabarar rashin daidaito ce da alamar tazara ba su zauna musu ba. Idan ka ga matakin “x tana tsakanin 2 da 4, don haka x + 3 tana tsakanin 5 da 7” ya tsayar da kai, koma can ka gyara tukuna. Wanda zai fi tantance maka wannan shi ne malamin da ya ga rubutunka, don haka ɗauki hujja ɗaya da ka rubuta da hannunka ka kai masa ofis, ka roƙe shi ya nuna maka layin farko da ya karye.

A daren nan ka gwada abu uku, littafi a rufe. Nuna cewa x² tana dosar 25 yayin da x take dosar 5. Idan ka killace δ da 1, ya kamata 11 ta fito maka. Sake hujjar bektocin nan da guda uku maimakon biyu, ka ga sau nawa za ka ɗora T. Sannan ka jera ragowar 2, 4, 6, har 20 idan an raba su da 11, ka rubuta da jimlolinka dalilin da ya hana biyu daga cikinsu su zo iri ɗaya. Idan ka maƙale, turo min takardar gwajin yadda take, da soke-sokenta, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a.